Gangamin fitattun mutane na jan hankalin yara kan kare muhalli

Gangamin fitattun mutane kan muhalli wani salo ne na wayar da kai da ake amfani da farin jinin mawaƙa, 'yan fim, 'yan ƙwallo, masana ko sarakuna domin jawo yara da matasa su yi wani aiki na kare muhalli, kamar dashen itatuwa, kwashe leda, share magudanan ruwa da barin ƙona daji. Yawanci wata hukuma ko ƙungiya ce ke tsara shirin ta kuma ɗauki nauyinsa, shi kuwa fitaccen mutumin ya bayar da suna da fuska da murya. Ana kai saƙon makarantu ne ta hanyar waƙa, fim, rediyo, gasar ɗalibai da kafofin sada zumunta. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar batun yana da alaƙa da gurgusowar hamada, zaizayar ƙasa da sare itatuwa domin makamashi.

Dalilin mayar da hankali kan yara

Masu tsara irin wannan gangami suna kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, ɗabi'ar da aka koya da ƙuruciya ta fi zama, abin da Hausawa ke nufi da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, yaro yakan kai abin da ya ji a makaranta gida, saƙon ya isa ga iyayen da ba su halarci taron ba. Na uku, a karkara yara na cikin masu hulɗa da muhalli kullum, domin su ake aika ɗebo ruwa da itace, su ke kiwon awaki, su kuma ke farautar gafiya da rani, wadda wani lokaci ke jawo gobarar daji. Amfanin fitaccen mutum a nan shi ne yaro ya fi sauraren wanda yake sha'awar kwaikwaya fiye da jami'in da bai sani ba.

Tarihi

Ana danganta farkon haɗa yara da dashen itatuwa a hukumance da ranar itace da aka fara a jihar Nebraska ta Amurka a shekarar 1872, bisa shawarar wani ɗan jarida kuma ɗan siyasa mai suna J. Sterling Morton. Daga baya makarantun ƙasar suka mayar da ranar al'ada ta shekara-shekara.

A shekarar 1977 Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar Green Belt Movement a Kenya, inda matan karkara suka riƙa renon itatuwa suna dasawa. Ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2004, kuma ita ce mace ta farko daga Afirka da ta same ta. A 2006 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa biliyan ɗaya, Maathai da Yarima Albert na biyu na Monako suka zama iyayen shirin. Labarinta ne ya zaburar da Felix Finkbeiner, wani ɗalibi ɗan shekara tara a Jamus, ya fara shirin Plant-for-the-Planet a 2007, wanda yara ke koyar da 'yan'uwansu yara. A 2011 aka miƙa wa wannan ƙungiya ragamar shirin na itatuwa biliyan ɗaya.

A fagen talabijin, shirin zane na yara mai suna Captain Planet, wanda Ted Turner da Barbara Pyle suka ƙirƙiro, ya fara fita a 1990, kuma taurarin fim irin su Whoopi Goldberg sun ba shi muryoyinsu. A 1991 masaniyar birai Jane Goodall ta kafa shirin Roots & Shoots a Darussalam ta Tanzaniya tare da ɗalibai goma sha biyu, daga bisani ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Zuwan intanet ya sauya salon. A 2018 Greta Thunberg, 'yar shekara goma sha biyar, ta fara zaman ƙaurace wa aji a gaban majalisar dokokin Suwidin, abin da ya haifar da zanga-zangar ɗalibai ta ranar Juma'a a ƙasashe masu yawa. Vanessa Nakate a Uganda da Adenike Oladosu a Najeriya na cikin matasan Afirka da suka yi suna a wannan tafiya, ita Oladosu ta fi mayar da hankali ne kan ƙafewar Tafkin Chadi. A 2019 taurarin YouTube biyu, MrBeast da Mark Rober, sun tara dala miliyan 20 cikin kusan wata biyu domin dasa itatuwa miliyan 20, kuma yara da matasa ne mafi yawan masu kallonsu.

A yankin Sahel

Babban shirin da ya shafi ƙasar Hausa shi ne na katangar itatuwa ta Afirka, wato Great Green Wall, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. An tsara shi ya ratsa kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 na ƙasar da ta lalace kafin 2030. Najeriya ta kafa hukumar da ke kula da shirin a 2015, tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara.

Mawaƙa sun taka rawa wajen tallata shi. Mawaƙiyar Mali Inna Modja ce ta jagoranci wani fim na gaskiya da ya fita a 2019, inda ta bi ta Senegal, Mali, Najeriya, Nijar da Habasha tana waƙa da mawaƙan yankin. A 2023 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da gurgusowar hamada ta naɗa mawaƙin Senegal Baaba Maal jakadanta na musamman.

A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 zamanin Seyni Kountché, ana dashen itatuwa a ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, inda shugabanni ke dasawa a gaban jama'a, ɗalibai da matasa su biyo baya. Sai dai nasarar da ta fi girma a ƙasar ta zo ne daga gonaki. Daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoman Maraɗi kan dabarar da ake kira sassabin zamani. Maimakon a share duk tohon da ke fitowa daga kututture a lokacin sassabe, sai manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200, musamman gawo, sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Amfani da fitattun mutane a ƙasar Hausa

Isar da saƙon hukuma ta bakin wanda jama'a ke ƙauna tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. Sanƙira da maroƙa ne ke yin shela a fada da kasuwa. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi amfani da waƙoƙi da majigi a lokacin Yaƙi da Jahilci, kuma fim ɗin Baban Larai ya koyar da manoma noman auduga ta hanyar wasan kwaikwayo. Daga baya 'yan wasan talabijin irin su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, da kuma taurarin Kannywood tun daga shekarun 1990, sun zama muryoyin da ake nema idan ana son saƙo ya shiga gidaje.

Misalin da aka fi ambatawa a Kano ya fito ne daga fannin lafiya. Jihar ta dakatar da allurar rigakafin shan inna a 2003 saboda jita-jitar da ta bazu, ta dawo da ita a 2004. A watan Oktoba na wannan shekara shugaba Olusegun Obasanjo ya ɗiga wa 'yar gwamna Ibrahim Shekarau maganin a bainar jama'a a Kano, daga baya aka shigar da sarakuna da malamai cikin aikin sosai. Abin da ya fito fili shi ne iyaye sun fi yarda da wanda suka ga ya yi abin a gidansa.

Malaman addini ma suna da tasu hujjar. Ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, yana samun ladan sadaka. Wannan ya sa limamai da malaman Islamiyya ke iya gabatar da dashen itace a matsayin sadaka mai gudana, yaren da yaran karkara suka saba ji.

Rano da Kibiya

Rano da Kibiya ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a kudancin jihar Kano. Ƙidayar 2006 ta nuna Rano na da mutum fiye da 145,000, Kibiya kuma fiye da 136,000. Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin gargajiya ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda shukar da ake rini da ita. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe wannan tsari, sannan ta sake kafa masarautar a daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano, Bunkure da Kibiya.

Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ƙasa ce mai duwatsu, ana noman dawa, masara, gyaɗa, wake da shinkafa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin gwamna Audu Bako, tana kudu maso yamma da garin Rano, kusa da Rurum, kuma ita ke shayar da noman rani na Kadawa, Kura da Bunkure. Saboda haka matsalar muhalli a nan ta sha bamban da ta garuruwan bakin iyakar Nijar, inda yashi ke binne gonaki. Abin da ya fi damun kudancin Kano shi ne sare manyan itatuwan gona domin itacen girki da gawayi, zaizayar ƙasa da ke buɗe kwazazzabai a gefen duwatsu da rafuka, ƙona daji da rani, da ledar da dabbobi ke haɗiya ko take toshe magudanai. Ƙasar da ruwa ya kwashe daga tudu takan ƙare ne a rafuka da madatsai, ta rage ruwan da suke riƙewa.

Itatuwan da ake rasawa suna da amfani kai tsaye ga gida. Ɗorawa na ba da kalwar daddawa, kuka na ba da miya, kaɗanya na ba da man kaɗe, tsamiya na shiga kunu, gawo kuwa yana zubar da ganye da damina ya yi wa gona taki, ya ba dabbobi abinci da rani. Yawancinsu sai sun shekara da yawa kafin su fara 'ya'ya, don haka yaron da ke firamare a yau shi ne zai ci moriyarsu ko ya ɗanɗana rashinsu.

A garuruwa irin su Rurum, Saji, Tarai da Durba, fitaccen mutum yana iya zama hakimi, dagaci, limamin Juma'a, sha'irin Islamiyya ko mai gabatar da shiri a rediyo, baya ga 'yan fim da mawaƙan da yara ke gani a waya. Hukumomin da aikinsu ya shafi yankin sun haɗa da ma'aikatar muhalli ta jihar Kano, hukumar katangar itatuwa, da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin arewa 19 da Abuja.

Suka da ƙalubale

Babban abin da ake sukar irin wannan gangami da shi shi ne ƙidaya abin da aka dasa maimakon abin da ya rayu. A Turkiyya an dasa itatuwa miliyan 11 a ranar 11 ga Nuwamba 2019, amma bayan 'yan watanni shugaban ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka duba sun mutu, gwamnati kuma ta musanta. Rahoton 2020 kan katangar itatuwa ta Afirka ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka farfaɗo a yankin da aka shata, wato kashi 4 cikin 100 na burin.

A ƙasar Hausa dashe yakan mutu ne saboda dalilai sanannu: an dasa shi a ƙarshen damina, ba a yi masa shinge ba awaki suka cinye, ko kuma babu mai ban-ruwa a cikin dogon rani da lokacin hutun makaranta. Bayan haka, gargaɗin hana sare itace ba ya tasiri a gidan da ba shi da wani makamashin girki. Yaro ba shi da iko kan gona, ko kan cinikin gawayi, don haka wasu masana ke ganin ɗora masa nauyin yana kawar da ido daga manya da hukumomi. Wani bincike da mujallar Lancet Planetary Health ta buga a 2021, kan matasa 10,000 daga ƙasashe goma har da Najeriya, ya gano kashi 59 cikin 100 na cikin matsananciyar damuwa kan sauyin yanayi, abin da ya sa ake jan kunnen masu gangami kada su tsorata yara ba tare da nuna musu abin yi ba.

Abubuwan da ke sa shiri ya ɗore

Masu aikin gandun daji sukan ba da shawarar a yi dashe da zarar damina ta zauna, a watan Yuni ko Yuli, domin saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Ana son kowane dashe ya samu mai shi, aji guda ko ɗalibi guda, a kewaye shi da ƙaya ko tubali, a kuma zaɓi irin da mutane ke so, kamar mangwaro, zogale da ɗorawa, tare da darbejiya domin inuwa. Koya wa yara sassabin zamani ya fi arha, domin tohon kututture yana da tsohuwar saiwa kuma ba ya buƙatar ban-ruwa. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne yawan itatuwan da ke raye bayan rani ɗaya ko biyu.

Ranakun da aka fi gudanar da irin waɗannan taruka su ne 21 ga Maris, ranar gandun daji ta duniya, 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, da 17 ga Yuni, ranar yaƙi da hamada da fari. Biyun ƙarshe suna faɗowa ne daidai farkon damina a kudancin Kano.