Tukunya a Kan Ɗaki, Zanko a Kan Soro

Wanda ya ratsa unguwar Bobiel a Yamai, in ya ɗaga kai, zai gane gidan mai hali tun bai kai ƙofa ba: tankin ruwa a saman bene, farantin tauraron ɗan'adam, ga allunan wutar sola jere a kan kwano. Kowanne da ranarsa, musamman a watan Afrilu in wuta ta ɗauke ko famfo ya ƙafe. Amma kowanne kuma shela yake yi.

Mutanen Konso na kudancin Habasha, waɗanda UNESCO ta sa yankinsu cikin kayan tarihin duniya a 2011, sun daɗe da irin wannan shela. Idan suka gama jinka, sai su kifa tukunyar ƙasa a kan tsinin ɗakin, daidai inda ciyawar ta haɗu, don kada ruwan sama ya sami kafa. Aikinta na farko ke nan. Na biyu, irin tukunyar da adon jikinta su ke gaya wa mai wucewa matsayin mai ɗakin a cikin danginsa.

Mu ma muna da namu, wato zanko, ƙahonnin nan na ƙasa da magina ke tayarwa a kusurwoyin soro. Da zankon zakara suka yi tarayyar suna. Nauyinsa yana danne kusurwa, inda damina ta fi cin gini, kuma magini kan ɗaura igiya a jikinsa idan zai hau yaɓe. Daga nan ya zama ado, ado kuma ya zama magana. Je ka Birnin Damagaram, ko ka tsaya gaban Gidan Makama a Kano: zankaye a sama, zane a fuskar zaure, ba sai an ce maka gidan sarauta ko na attajiri ba ne.

Bambancin da ke damuna shi ne, zanko hannun maginin garin ne ya fitar da shi, daga ƙasar garin. Tanki kuwa kuɗi kawai yake nunawa, kuma na Bobiel da na Abuja duk kama ɗaya.

Ba sai an yi tafiya mai nisa ba. Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, an tayar da ɗakunansa bisa salon ginin Hausa. Mai shirin aza bulo, kai magininka can ya gani kafin ku zuba dakali.