Burodin abarba da babu abarba: Wata safiya a gidan burodin unguwa a Hong Kong

A kan dutsen da ya fi kowanne tsawo a tsibirin Hong Kong akwai wata siririyar hanya da ake kira Titin Lugard. Mai sunan ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne dai Gwamna Lugga, wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Da ya bar Arewa a 1906, Ingila ta tura shi can ya yi gwamna daga 1907 zuwa 1912, kafin ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ke nan mu da mutanen wannan birni na bakin tekun Sin mun taɓa yin ubangida ɗaya, kuma cikin abubuwan da zamanin Turawa ya bar mana, mu da su, akwai biyu da littattafan tarihi ba su cika lissafawa ba: burodi, da shayi mai madarar gwangwani.

Mu dai mun riƙe su kusan yadda muka karɓa. Su kuwa sai da suka sauya musu kama. Kudancin Sin ƙasar shinkafa ce, kuma yawancin abin da suka gada na fulawa turara shi ake yi a kwandon gora, kamar yadda matanmu ke turara alkubus. Bota da madara da burodin tanderu baƙin abubuwa ne da aka fara sani a gidajen Turawa da manyan otal-otal. Sannu a hankali masu gashin Sinawa suka sauko da su unguwa, suka rage musu tsada, suka ƙara musu laushi da zaƙi, har suka zama karin kumallon lebura da ɗan makaranta.

Wanda ya kai ni ɗaya daga cikin waɗannan gidajen burodi wani ɗan kasuwa ne Bakano da ya daɗe yana saro kayan waya a unguwar Sham Shui Po, ɗaya daga cikin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi a yankin Kowloon. Mun isa wajen ƙarfe bakwai na safe. Shagon bai fi ɗaya daga cikin ƙananan shagunan Kantin Kwari faɗi ba, kuma ƙamshinsa ya tare mu tun kafin mu ga ƙofar. Kowa zai ɗauki tire da wani ɗan awartaki na ɗaukar abinci, ya zaga ya zaɓi abin da yake so, ya miƙa wa wata dattijuwa da ke bakin ƙofa ta zuba masa a leda. Babu ciniki, babu doguwar gaisuwa. Lokaci-lokaci wani saurayi yakan fito daga ciki riƙe da faffaɗan tire mai tururi, mutane su dare masa.

Sarkin kayan shagon shi ne bolo bau, wato burodin abarba. Ko ɗigon abarba babu a cikinsa. Ɓawon sukari da ƙwai ne ake ɗora masa a ka, idan ya gasu ya tsattsage ya yi zane irin na bayan abarba, sunan ya bi shi. Kusa da shi akwai dan tat, ɗan ƙoƙon fulawa da aka cika da haɗin ƙwai da madara da sukari, rawaya shar, yana rawa idan an taɓa tiren. Jikan wani kayan zaƙin Ingilishi ne da ya zama ɗan gida. Akwai gai mei bau mai kwakwa da bota a ciki, wanda ake cewa dabarar masu burodi ce ta hana asara: burodin da ya kwana ake niƙewa da sukari da kwakwa a cusa cikin sabo. Akwai kuma wani da suke kira wainar matar aure, mai cikin wani nau'in kabewa da aka dafa da sukari.

Laushin burodin ya fi komai ba ni mamaki, don ya fi namu nesa ba kusa ba. Dabarar da masu gashi da yawa ke bi a wannan yanki ba za ta zama baƙuwa ga duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ba. Sukan ɗebi kaɗan daga fulawar su dama da ruwa a kan wuta har ta yi kauri, su bari ta huce, sannan su zuba a cikin kwaɓin. Talge ke nan. Fulawar da aka dafa tana riƙe ruwa fiye da ɗanya, shi ya sa burodin kan kwana bai bushe ba.

Muna cikin zagawa Alhaji ya nuna mini wani burodi da aka lulluɓe da wani abu ja-ja mai kama da auduga. Ya ce, "Malam, ka ga dambunmu ya riga mu zuwa." Dambun nama ne sak, a ido da yadda ake yin sa: a dafa nama, a daka, a soya har ya bushe. Sai dai na alade ne. Wannan aƙalla ido yana ganinsa, haka ma burodin da aka naɗe tsiran alade a ciki, da ca siu bau mai gasasshen naman alade da jan miya. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ido ba ya gani. A gargajiyar gashin Kanton, kitsen alade, wanda suke kira ju yau, shi ne man da ke sa ɓawo ya yi sala-sala yana wargajewa a baki. Ana sa shi a ɓawon dan tat mai sala-sala, da na wainar matar aure, kuma gidaje da dama na sa shi har a kan burodin abarba. Wasu sun koma bota ko man ganye, wasu ba su koma ba, kuma a ƙaramin shagon unguwa ba lallai ne ka ga takardar da ta faɗa maka ba.

Na lura 'yan uwanmu matafiya sun kasu biyu a kan wannan, kuma a ganina duka biyun sun zaɓi sauƙi ne. Akwai wanda ke cewa fulawa ce da sukari, me zai haramta ta, ya cika tire. Akwai kuma wanda tun daga filin jirgin Kano ya yanke hukuncin cewa duk abin da hannun Basine ya taɓa ƙazanta ne, ya yi mako biyu a kan garin kwaki da ƙuli-ƙulin da ya ɗauko daga gida, ya koma bai san komai game da mutanen da yake miƙa wa miliyoyinsa ba. Na farko bai kula da addininsa ba, na biyu bai yi wa mutane adalci ba. Dukansu sun guje wa ɗan ƙaramin aiki ɗaya, wato tambaya.

Alhaji yana da rubutun kalmar kitsen alade da harafin Sinanci a wayarsa. Ya nuna wa dattijuwar. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ji haushi ba. Ta bi tire-tire da yatsa tana girgiza kai a kan wasu, ciki har da burodin abarbar da na fi kwaɗayi. Da ta zo kan wani kek mai laushi da ake gasawa a naɗe cikin takarda, ta tsaya, ta ɗaga murya ta tambayi na ciki, sannan ta gyaɗa kai. Cinikin da ta rasa a wannan yatsa ya fi wanda ta samu. Mun sayi kek ɗin da burodi fari. Batun ko tire da tanderu ɗaya sun haɗa kayan, wannan fage ne na malamai, kuma na san masu tsantseni da ba za su ci ko wannan ba. Ban ga laifinsu ba.

Mutanen Hong Kong sun san abin da ke faruwa idan amana ta karye tsakanin mai gashi da mai ci. A ranar 15 ga Janairun 1857, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Ingila da Sin, ɗaruruwan Turawan birnin suka kwanta ciwo bayan sun ci burodin gidan Esing, wanda aka zuba wa gubar asanik. Yawan gubar ne ya cece su, don amai suka riƙa yi kafin ta kama jiki. An gurfanar da mai gidan, Cheong Ah-lum, kotu ta wanke shi, duk da haka sai da aka raba shi da birnin. Mu ma da muka ga yadda hukumar NAFDAC ta sha fama da masu zuba sinadarin buromet a burodi tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, mun san mai cin burodi ba ya ganin abin da ya shiga kwaɓi.

Shayin a maƙwabtan shagon muka sha, a irin gidajen da suke kira ca can teng. Ganyen shayi baƙi ne, galibi na Siri Lanka, ana haɗa iri-iri a cikin wata doguwar jakar yadi, a riƙa sheƙa ruwan daga buta zuwa buta ta cikinta sau da dama. Jakar kan rine har ta yi kama da safar mata, daga nan aka yi masa laƙabi da shayin safa. Sai a zuba madarar gwangwani, a bar maka sukari ka sa da kanka. Ya fi haɗin kaurin mai shayinmu ɗaci da nauyi, kuma kofi ɗaya ya hana ni gyangyaɗi har la'asar. A 2014 gwamnatin birnin ta sanya haɗa wannan shayi da gashin burodin abarba da na dan tat cikin jerin al'adun gado da ya kamata a adana. Jerin bai hana kuɗin haya korar ƙananan shaguna ba. Tun a 2005 tsadar haya ta taɓa rufe gidan Tai Cheong, wanda gwamnan Ingila na ƙarshe, Chris Patten, ya shahara da son dan tat ɗinsa, kodayake daga baya ya sake buɗewa.

Ga wanda ke son ɗanɗana girkin Kanton ba tare da nuna waya ba, akwai wurin cin abinci a hawa na biyar na Masallacin Ammar da ke Wan Chai. A can ake turara ƙananan kayan fulawar da ake ci da shayi, waɗanda suke kira dim sam, da naman kaza da na sa da jatan lande. Kwamitin amintattun Musulmin birnin kuma yana ba gidajen abinci takardar shaidar halal, wadda akan manna a ƙofa.