Tanadin Keke Domin Hunturu a Ƙasar Bagudo

Idan hunturu ya kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta kwaso ƙurar Sahara ta lulluɓe Bagudo da Illo da Tsamiya har iyakar Benin, wajibi ne mai zuwa kasuwa ko makaranta bisa keke ya kula da abin hawansa. Ƙura takan cakuɗe da man sarƙa ta riƙa cin ƙarfe, saboda haka a wanke sarƙar da kananzir, a ɗiga mata mai kaɗan. Sanyin asuba yakan rage iskar taya, sai a duba kafin fita. Da yake hazo yana gajarta gani, lalle a tanadi fitila da ƙararrawa da birki mai kamawa, domin kiyaye rai amana ce da shari'a ta ɗora wa kowa.