Dutsen kabaid da hannayen kabon huɗu

Mai walda a bakin titin Dogon Daji, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, yakan jefa dutsen kabaid cikin ruwa, iskar asitilin ta taso, ya kunna ta ya narka ƙarfe. Da wannan dutse ne kuma wasu 'yan kasuwa ke nuka mangwaro, abin da hukumar NAFDAC ta haramta saboda dattin asenik da fosforas da ke cikinsa. A ganina, malamin kimiyya a Tambuwal ko Kebbe da ke koyar da gaurayar obital bai kamata ya tsallake wannan dutse ba, domin darasin gaba ɗaya yana cikinsa.

Zarrar kabon na da elektiron huɗu a zagayenta na waje, biyu a obital s, biyu a p. Bisa wannan lissafi ɗauri biyu ya kamata ta yi, amma a mitan, iskar da ke fita daga ruɓaɓɓen kashin shanu, ta kama haidurojin huɗu da ɗauri iri ɗaya, kusurwa digiri 109.5. A 1931 Linus Pauling ya warware ƙullin: s ɗaya da p uku sun gauraya sun haifi hannaye huɗu masu kama da juna, wato sp3. A etilin p biyu ne suka shiga, sp2, kusurwa wajen 120. A asitilin p ɗaya kawai, sp, ƙwayar ta miƙe sambal kamar sanda. Obital ɗin p da suka rage su ke yin ɗaurin pai, wanda elektiron ɗinsa ke fili a gefe. Etilin ita ce iskar da mangwaro ke fitarwa da kansa don ya nuna, kuma da waɗannan elektiron take manne wa zarrar tagulla a makarɓin saƙon ɗan itacen. Asitilin na da irinsu, shi ya sa take yaudarar mangwaro. Mitan ba ta da ko ɗaya, ba ta nuka komai.

Masu suka na cewa gaurayar lissafi ce kawai, ba wanda ya gan ta. Suna da hujja, don awon fizge elektiron daga mitan yana nuna matakan ƙarfi biyu, alhali hannaye huɗu iri ɗaya na sa a zaci guda. Na yarda ka'idar obital na ƙwaya gaba ɗaya ta fi dacewa da wannan awo. Sai dai ɗalibin sakandare siffa da kusurwa yake buƙatar hasashe, kuma a nan sp, sp2 da sp3 suna ba shi amsa daidai da alli da allo kawai, ko a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji.