Kasko ko Kyandir: Zaɓen Ƙamshin Ɗaki da Tsakar Gida a Bazara

A arewacin jihar Zamfara, daga Ƙauran Namoda zuwa Zurmi da Dauran har Shinkafi, bazara takan kankama daga watan Maris ta kai ƙarshen Mayu, lokacin da zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ɗakunan da aka rufa da kwano su riƙe zafin har tsakar dare, iyalai kuma su kwashe tabarmi da katifu zuwa tsakar gida. Turaren da ya yi daɗi a hunturu, sa'ad da ake rufe ƙofa da taga ana neman ɗumi, shi ne yakan koma mai hawa kai a wannan lokaci, domin zafi yana sauya yadda ƙamshi ke tashi, iska kuma tana sauya inda yake nufa. A 'yan shekarun nan kyandir mai ƙamshi, wanda ake zubawa a ƙaramin kofin gilashi ko gwangwani, ya fara shiga cikin kayan ɗakin amare ta hannun masu shagunan kayan kwalliya da masu talla a Instagram da WhatsApp, ya zo ya tarar da kaskon turaren wuta wanda ya daɗe yana riƙe da wannan aiki. Sanin wanda ya dace da wane wuri a cikin gida yana rataye ne a kan abubuwa uku, wato zafi da iska da wuta.

Hanyoyin da ƙamshi ya biyo

Turaren wuta haɗi ne na itace da ƙaro da mai, kuma kusan kowane ɓangare nasa yana da tasa hanyar fatauci. Sandal itace ne na ƙasar Indiya. Lubban ƙaro ne da ake tsaga jikin bishiya a tara a Oman da Yaman da Somaliya. Al'ud kuwa zuciyar wata bishiya ce ta kudu maso gabashin Asiya wadda ba ta yin ƙamshi sai ta ji rauni ta fitar da baƙin ƙaro, kuma saboda yawan saranta aka sanya cinikinta ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai da namun daji ta duniya tun 1995, abin da ya sa na ainihi ya yi tsadar da ba kowa ke iya saye ba. Akwai kuma na gida: ƙajiji, wanda saiwar wata ciyawar fadama ce, da saiwar jema, da ƙaron hano, da na dashi. Fasahar haɗa su ta fi shahara a hannun matan Barebari da Shuwa na Borno, waɗanda suka yi tarayya a wannan al'ada da Chadi da Sudan, daga can ne kuma humra da itatuwan da masu sana'ar ke kira hawi da gabgab da dorot suka bazu zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, ciki har da Kasuwar Kurmi ta Kano wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15.

Kayan Turai sun biyo wata hanyar dabam. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu yana dawowa da kayan kanti irin su kananzir da ashana da kyandir da turaren kwalba, daga nan 'yan koli su rarraba su zuwa kasuwannin mako kamar ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis. Turaren Bint el Sudan, wanda wani kamfanin Landan ya fara haɗawa a 1920 kuma daga baya aka koma yin sa a Kano, ya samu karɓuwa ne saboda mai ne zalla babu giya a ciki. Kyandir kuwa a matsayin fitila ya shigo, abokin aci-balbal da fitilar ƙwai, kuma sai kwanan nan aka fara sayen sa domin ƙamshinsa.

Yadda zafi ke juya ƙamshi

Masana haɗa turare suna kasa ƙamshi gida uku gwargwadon saurin tashinsa. Akwai na sama, mai saurin bugun hanci da saurin gushewa, kamar na ɓawon lemo da na'a-na'a; akwai na tsakiya, kamar na furanni da kanumfari; sannan akwai na gindi, mai nauyi da daɗewa, kamar al'ud da almiski da ambar da sandal. Da yake zafi yana hanzarta tashin kowane mai zuwa cikin iska, ɗan abin da hanci zai ji sama-sama a watan Janairu yakan cika ɗaki a watan Afrilu, kuma idan mai nauyi ne ya gauraya da gumi da ƙura, sai ya koma ciwon kai da tashin zuciya, musamman ga mai juna biyu da ƙananan yara. Saboda haka ƙa'idar bazara ita ce a rage yawa, a kuma karkata ga masu sanyin ƙamshi irin su ƙajiji da jema da lubban, a jinkirta haɗin da ya sha sukari da mai har zuwa lokacin sanyi.

Sukarin nan yana buƙatar bayani. Mai haɗa turaren wuta takan narka sukari da ɗan ruwa a tukunya har ya yi ja ya fara danƙo, ta juye gutsattsarin itacen a ciki tana juyawa har kowane ya sha, ta sauke, ta zuba mayukan turare da garin farce, sannan ta toshe a kwalba na kwanaki domin ya jiƙu. Farcen kuwa murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, wanda sai an jiƙa shi an kankare an soya kafin ƙarninsa ya fita, kuma aikinsa shi ne riƙe ƙamshi kada ya gudu da wuri. Sukarin yana manne mai a jikin itace, amma shi ne kuma yake ƙonewa ya ba da hayaƙi mai kauri da ƙauri idan wuta ta yi yawa. Shi ya sa ƙwararru ba sa ɗora turare a kan garwashi mai ja. Sukan jira sai farar toka ta lulluɓe shi, su sa ɗan ƙanƙane a gefe, domin abin da ake so shi ne itacen ya gasu a hankali ya saki mansa.

Kyandir a ƙasa mai zafi

Kyandir mai ƙamshi kaki ne da aka gauraya da man turare, yawanci kashi 6 zuwa 10 cikin 100, aka dasa lagwani a tsakiya, kuma ƙamshin yana tashi ne daga narkakken kakin da ke kewaye da harshen wutar. Kakin da aka fi samu a kasuwa iri uku ne. Na farafin, wanda ake samu daga tace ɗanyen man fetur kuma aka fara yin kyandir da shi a shekarun 1850, yana narkewa tsakanin digiri 46 da 68 gwargwadon nau'insa. Na waken suya, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1990, yana da laushi kuma yakan narke a wajen digiri 50. Kakin zuma kuwa sai ya kai digiri 62 zuwa 64. Tun da kowane kaki yana yin laushi tun kafin ya kai matakin narkewa, dogon kyandir na farafin yakan lanƙwashe a ɗakin kwano, na waken suya kuma ya riƙa tsattsafo da mansa a sama kamar gumi, ƙamshin ya tsere tun ba a kunna shi ba. Wanda aka bari a cikin mota a rana kuwa ya gama lalacewa.

Mai saye a wannan yanki zai fi cin riba idan ya zaɓi na cikin kofi mai murfi, ya fifita wanda ke da kakin zuma a haɗinsa, ya kuma ajiye shi a ƙasa a ɗakin soro ko kusa da randa, nesa da taga. Ana datse lagwanin ya rage kimanin milimita 6 kafin kowace kunnawa domin kada ya yi baƙin hayaƙi, ana barin sa a karon farko har saman kakin ya narke ya kai bakin kofi domin kada ya yi rami a tsakiya, ba a kuma wuce awa huɗu ana ƙona shi. Fifikonsa a kan kasko shi ne ƙarancin hayaƙi, abin da ya sa ya dace da falo ko ɗakin baƙi da maraice. Rauninsa kuwa shi ne ba ya kama tufafi da labule da shimfiɗa kamar yadda hayaƙin kasko ke yi idan aka kifa masa kabbasa, wato kwandon da ake baza kaya a kansa domin su turaru, kuma kowane harshe ɗaya yana ƙara wa ɗaki zafin da ya kai kimanin wat 80.

Tsakar gida da batun sauro

A tsakar gida ko lambu lissafin yana juyewa, domin iska tana kwashe ƙamshi mai sanyi nan take, ita ce kuma take kashe kyandir ko ta karkatar da harshensa. Nan ne kasko ya fi ƙarfi, nan ne kuma ƙaron hano ko lubban ke samun filin da hayaƙinsa zai watsu ba tare da ya shaƙe kowa ba, musamman idan an yayyafa ruwa a ƙasa bayan la'asar ƙura ta kwanta, aka kuma ajiye kaskon ta ɓangaren da iska ke fitowa. Akwai ma ƙamshin da ba ya buƙatar wuta sam, kamar saiwar jema da ake jefawa a randa ko tulu ta ba ruwan sha ɗanɗano da sanyin ƙamshi. A Indiya ma ana saƙa labule da saiwar 'yar'uwarta a riƙa jiƙa shi domin iskar da ke ratsa shi ta shigo da sanyi.

Da zarar ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, sauro yakan dawo, kuma a nan ne ake tallata kyandir mai man sitironela a matsayin kariya. Sitironela mai ne da ake tatsa daga wata ciyawa 'yar dangin tsauri da nobe, kuma gaskiya ne sauro ba ya son warinsa, sai dai gwaji ya nuna ƙarfin kyandir ɗin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wani bincike da aka yi a Kanada aka buga a 1996 ya gano cewa kyandir mai sitironela ya rage cizo da kimanin kashi 42 cikin 100, alhali kyandir marar komai ya rage da kashi 23, wani kuma da aka yi a Jami'ar Jihar New Mexico ta Amurka a 2017 bai ga wani tasiri nasa ba a kan nau'in sauron da aka gwada. Ganyen dogon yaro da ɗaɗɗoya da busasshen ɓawon lemo da ake zubawa a wuta su ma suna korar sauro ne muddin hayaƙin yana tashi, alhali sauron da ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro ya fi cizo da tsakar dare, bayan garwashi ya mutu kowa ya yi barci. A Najeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, babu turaren da zai maye gurbin gidan sauro mai magani, ko maganin rigakafin da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina.

Hayaƙi da gobara

Duk abin da ke ci da wuta yana fitar da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ke shiga huhu, kuma gawayi a rufaffen ɗaki yana tara iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ko wari amma tana iya kashe mai barci. Wani bincike na 2003 ya kiyasta cewa maganin sauro na naɗi guda ɗaya yana iya fitar da ɓurɓushin da ya kai na taba sigari 75 zuwa 137. Bazara kuma ita ce lokacin sanƙarau, cutar da ƙura da bushewar maƙogwaro da cunkoso a ɗaki marar iska ke taimaka wa yaɗuwarta, kuma mutanen wannan yanki ba su manta cewa annobar da ta ratsa arewacin Najeriya a 2017 daga ƙaramar hukumar Zurmi ta fara a watan Disamban 2016 ba. Hanya mafi aminci ita ce a turara ɗaki babu kowa a ciki, a fitar da kaskon, a buɗe taga kafin a shigo da jariri ko mai asma. A waje kuwa, inda zana da danga da jinkar rumbu suka bushe ƙayau, guguwar da ke gabatar hadari tana iya ɗaukar tartsatsi ɗaya ta tashi unguwa, don haka ana ajiye kasko a kan ƙasa tsirara, kyandir kuma a cikin gilashi mai zurfi, a kashe duka kafin a kwanta.

Idan aka auna waɗannan duka, kyandir ya fi dacewa da ɗaki mai inuwa na ɗan lokaci, kasko kuma da tufafi da tsakar gida, kuma abin lura shi ne kayan da suka fi jure wannan yanayi na gida ne. Kakin da ke saura bayan masu amya sun tace zuma ya fi kakin waken suya da ake shigowa da shi juriyar zafi, jema da ƙajiji suna fitowa a fadamun kogin Gagare da Bunsuru, hano kuma bishiyar dazukan arewa ce. Matan da suka riga suka iya narka sukari su haɗa turaren wuta ba su da nisa da koyon narka kaki su dasa lagwani, kuma kyandir da aka yi a Ƙauran Namoda ko Shinkafi domin zafin watan Afrilu zai fi amfanar mai saye a kan wanda aka yi domin ɗakunan ƙasashe masu sanyi.