Teju Cole: Marubucin da Littafi Kaɗai Ba Ya Isa a San Shi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, duk mai son nazarin aikin Teju Cole sai ya haɗa ji da gani, domin shi wannan marubuci da alƙalami yake aiki, da kyamara, da kuma dandalin sada zumunta.

An haife shi a Amurka a 1975, iyayensa 'yan Nijeriya ne, a Legas kuma ya tashi. Littafinsa na farko, Every Day Is for the Thief, ya fito a Nijeriya a 2007, labarin wani saurayi da ya koma Legas bayan ya daɗe a waje, har da hotunan da marubucin ya ɗauka da kansa a ciki. Na biyu, Open City, wanda ya fito a 2011, shi ya fitar da sunansa a duniya.

A shekarar ce ya soma wani aiki a Twitter. Yakan ɗauko ƙananan labarai daga jaridun Nijeriya, na sata ko haɗari ko rigimar gida, ya taƙaita kowanne cikin haruffa 140. Talakawan da ba a kula da su sai ga su a gaban masu karatu na ƙasashe da dama.

A 2011 ɗin dai ya wayi gari idonsa ɗaya ba ya gani sosai. Daga wannan jarrabawa ce sunan littafinsa Blind Spot na 2017 ya samo asali, inda kowane hoto ke tafe da gajeren rubutu.

Idan muka duba ukun tare, abu ɗaya suke koya mana: mutum ya tsaya ya kalli abin da jama'a ke wucewa ba su lura ba. Wanda ya karanta littattafan ya bar sauran, rabin aikin ya gani.

Mu ma akwai abin lura a nan. Marubutan Hausa da yawa yanzu a WhatsApp da Facebook suke sakin labaransu, kuma abin da ke cikin waya yana iya ɓacewa dare ɗaya. Muna kira ga malamai da ɗalibanmu su riƙa adana irin waɗannan rubuce-rubuce suna nazarinsu, tun kafin a neme su a rasa.