Hanyar Zama Mai Tsara Gini: Bayani Ga Hakimai Da Malaman Ofisoshinsu Na Aujara Da Ƙasar Dutse

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai, da dagatai, da malaman da ke riƙe da ofisoshinsu, musamman na Aujara, da Jahun, da sauran gundumomin ƙasar Dutse. Nufinsa shi ne a bayyana muku wata sana'a wadda 'ya'yanmu ba su shige ta da yawa ba tukuna, watau sana'ar tsara gini, da hanyar da yaro zai bi daga makarantar sakandare har ya sami iznin yin ta. Ku ne talakawa ke zuwa wa neman shawara a kan karatun 'ya'yansu, ku ne kuma akan fara tuntuɓa in za a gina makaranta, ko asibiti, ko kasuwa a ƙasarku. Saboda haka ya kamata ku san al'amarin sarai.

Wane Ne Mai Tsara Gini?

Mai tsara gini shi ne wanda ma'aikata ke kira akitek. Aikinsa yana farawa ne tun ba a haƙa harsashi ba. Yakan saurari bukatar mai gini, ya je ya duba filin, ya lura da inda rana ke fitowa, da inda iska da ruwan damina ke bugowa, da inda ruwa zai bi ya fita. Sa'an nan ya zauna ya zana fasalin ginin a takarda ko a kwamfuta, da awon kowane ɗaki, da kaurin bango, da wurin ƙofa da taga, da irin kayan da za a yi aiki da su. In an soma aiki kuma yakan riƙa zagayawa, ya tabbata abin da aka zana shi ake ginawa.

Kada a gama shi da injiniya. Injiniya shi ke lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, da yawan rodi da kankaren da za a zuba. Akwai kuma mai ƙiyasta kuɗin gini, da maginin makaranta mai tafiyar da birkiloli da kafintoci. Kowannensu da hukumar da ke yi masa rajista, kowa da iyakar aikinsa.

Asalin Sana'ar A Ƙasar Hausa

Tsara gini ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin zuwan Turawa kowane babban birni yana da Sarkin Magina, da gwanayen da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Da tubali, da azara, da makuba suka tayar da soraye masu ɗaurin guga da tulluwa. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Jumma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har wa yau masana na zuwa daga ƙasashe masu nisa domin su ga bakan gizon da ke cikinsa. A nan kusa kuma, duk wanda ya ga fadar Sarkin Dutse a Garu, da adon da ke jikin bangonta, ya san maginanmu ba su rasa basira ba.

Amma zamani ya kawo siminti, da ƙarfe, da bene mai hawa da yawa, da wutar lantarki da famfo a cikin ɗaki. Waɗannan suna bukatar awo da lissafi a rubuce. Shi ya sa aka mai da koyon sana'ar makaranta. An fara koyar da ita a Nijeriya cikin 1952, a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Sana'o'i ta Nijeriya. Cikin 1955 aka ɗauko sashen aka kawo shi Zariya. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin Oktoba 1962, sai ya zama ɗaya daga cikin sassanta na farko. Shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan duka. Daga cikin waɗanda suka fito daga gare shi akwai Alhaji Namadi Sambo, wanda ya riƙe Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2010 zuwa 2015.

Abin Da Doka Ta Ce

Cikin 1960 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu, wadda ake kira NIA a taƙaice. Cikin 1969 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi doka mai lamba 10, ta kafa Hukumar Rajistar Masu Tsara Gini, watau ARCON. Wannan hukuma ita ke riƙe da littafin sunayen waɗanda aka yarda su yi sana'ar. Bisa ga dokar, wanda sunansa ba ya cikin littafin nan ba shi da ikon kiran kansa akitek, ko ya karɓi aiki da wannan suna.

To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don haka muna roƙo ku lura ƙwarai. Digiri daban, rajista daban. Jami'a ita ke ba da digiri, shaidar cewa yaro ya yi karatu. Hukuma ita ke ba da rajista da hatimi, shaidar cewa ya isa a danƙa masa ginin da mutane za su kwana a ciki. Wanda ya tsaya a digiri na farko ya yi rabin tafiya ne kawai.

Matakan Hanya

Mataki na 1, makarantar sakandare. Lalle yaro ya kasance a ajin kimiyya. Ana bukatar ya ci darasi 5 da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO, a cikinsu dole akwai Turanci, da Lissafi, da Fiziks. In ya haɗa da Zanen Sana'a, ko Labarin Ƙasa, ko Kemistiri, ya ƙara kyau. Iya zane da hannu yana da amfani, amma ba ya maye gurbin Lissafi.

Mataki na 2, shiga jami'a. Yaro zai zauna jarrabawar JAMB, ya zaɓi jami'ar da ke koyar da sana'ar. A kusa da mu akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote. Akwai kuma Jami'ar Bayero a Kano, da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna. Kafin a biya kuɗi ko'ina, a bincika ko Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da hukumar rajista sun amince da sashen, don kada yaro ya gama ya tarar takardarsa ba ta kai shi ga hatimi ba.

Mataki na 3, digiri na farko. Shekara 4 ne a yawancin jami'o'i, shekara 5 a waɗansu jami'o'in fasaha. Zuciyar karatun ita ce ɗakin zane. A can akan ba ɗalibi aiki, a ce ya tsara gidan mutum ɗaya, gaba a ce makaranta, gaba kuma asibiti ko tasha. In ya gama ya kafe zanensa a bango, malamai su zauna su yi masa tambayoyi, ya kare aikinsa da bakinsa. Ban da wannan yakan koyi tarihin gine-gine, da halin kayan gini, da ƙarfin ginshiƙi, da yadda ake sanyaya ɗaki a ƙasa mai zafi. A tsakiyar karatun akan tura shi ofishin masu sana'ar kamar wata 6, ya ga aiki da idonsa.

Mataki na 4, digiri na biyu, shekara 2. A waɗansu fannoni wannan ƙari ne ga mai so, amma a tsara gini wajibi ne ga mai neman cikakkiyar rajista. A nan ne 'ya'yan talakawa suka fi yankewa, domin iyaye na ganin an gama, ga shi kuwa da saura.

Mataki na 5, bautar ƙasa, shekara 1, kamar yadda aka ɗora wa masu digiri tun 1973. Waɗansu kan yi ta bayan digiri na farko, sa'an nan su koma jami'a.

Mataki na 6, almajirci a hannun gwani. Zai yi aƙalla shekara 2 yana aiki ƙarƙashin wanda ke da rajista, yana rubuta ayyukan da ya sa hannu a cikinsu a littafi, maigidansa na shaidawa. Sa'an nan ya shiga jarrabawar ƙwarewa, inda akan tambaye shi dokokin gini, da sha'anin kwangila, da haƙƙin mai gini a kansa. In ya ci, sai a rubuta sunansa, a ba shi lamba da hatimi.

In an tara, daga barin sakandare zuwa karɓar hatimi kamar shekara 9 ke nan, in ba a sami tsaiko ba. Akwai kuma wata hanya ta kwalejin sana'a, irin ta Kaduna, inda yaro kan sami ƙaramar difloma da babba a fasahar zanen gini. Mai wannan takarda ma'aikaci ne mai amfani, amma in yana son cikakkiyar rajista sai ya ƙara karatu.

Don Me Aka Tsawaita Hanyar?

Domin kuskuren mai gini rai yake ci. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Ikko ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta a Jos ya faɗo wa yara suna cikin aji, 22 suka rasu. A nan Jigawa kuma ba mu manta da daminar 2020 da ta 2022 ba, sa'ad da ruwa ya rusa gidajen ƙasa masu yawa a garuruwanmu. Ba kowace asara ce ɗan Adam zai iya tarewa ba, amma gidan da aka ɗaga harsashinsa, aka gyara masa indararo, aka kauce wa hanyar ruwa, ya fi jurewa. Rigakafi ya fi magani.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse babban birninta, gini bai tsaya ba. Yaron da ya tashi a Aujara ya san zafin bazara, ya san hunturu, ya san dalilin zaure da shigifa, da abin da ya sa ba a son baƙo ya hango tsakar gida. Wannan sani ba ya cikin littattafan ƙasashen waje. In ya haɗa shi da ilmin jami'a, zai tsara mana ginin da ya dace da mu.

Ga misali daga maƙwabtanmu na Nijar. Alhaji Falke Barmu, maginin gargajiya, ya soma gina masallacin ƙasa a garin Yama na jihar Tawa cikin 1962, har aikin ya sami kyautar Aga Khan cikin 1986. Shi ne kuma ya gina tsohon masallacin Dandaji. Bayan shekaru, wata 'yar ƙasar mai digiri a sana'ar, Mariam Issoufou, tare da abokiyar aikinta, suka gyara wannan masallaci ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama cikin 2018. Da maginan garin aka yi aikin. Wannan ya nuna ilmin makaranta ba ya kashe na gado, ya kuma nuna sana'ar ba ta maza kaɗai ba ce.

Abin Da Ake Roƙon Hakimai

Na farko, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A riƙa tambayar shugabannin makarantu ko akwai yaro ko yarinya mai ƙoƙari a Lissafi da zane, a yi magana da iyayensa tun kafin a raba azuzuwan kimiyya. 'Ya'yan magina kuwa kada a manta da su.

Na biyu, a gaya wa iyaye gaskiyar tsawon hanyar da nauyinta. Ban da kuɗin makaranta akwai na takardu, da kayan zane, da kwamfuta. Malaman ofis su taimaka wajen takardar shaidar asali, da neman taimakon Hukumar Tallafin Karatu ta Jiha, a kuma ja hankalin masu hali na gari, musamman a kan shekara 2 ɗin nan ta digiri na biyu.

Na uku, in an kawo muku zanen masallaci, ko makaranta, ko bene, ku duba hatimi da lambar rajistar wanda ya zana, ku tambaya ko hukumar tsara birane ta amince da shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wanda ke neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin ilmi na ƙaramar hukumarsa. Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara wa hakimai lafiya da adalci, ya albarkaci 'ya'yanmu da ilmi mai amfani. Amin.